Idan Fatar Ido Ta Sauka Bayan Zazzaɓi: Korona da Ciwon Raunin Tsoka

Wata ranar Talata da hantsi, cikin sanyin farkon shekarar 2021, aka sauko da wata mata daga bayan mota a ƙofar asibiti. Ba za mu faɗi sunanta ko na ƙauyensu ba. Daga bakin kogi take, kudu da Sinnar. Shekarunta ba su wuce talatin ba, tana da 'ya'ya uku. Mijinta yana riƙe da kafaɗarta, surukarta kuwa ta tallabe mata haɓa da hannu, domin kan ba ya tsayuwa da kansa. Idanunta duka biyu a rufe suke rabi-rabi, kamar mai gyangyaɗi. Amma duk abin da ake faɗa tana ji, tana kuma ganewa.

Mijin ya ce kwana tara ke nan da ta fara zazzaɓi da tari, ta kuma daina jin ƙanshin miya. Ya je saidaliyya ya sayo mata ƙwayoyi. Wani mai allura a ƙauye ya yi mata allurar kinin, don kowa ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Zazzaɓin ya sauka, aka yi hamdala. Bayan kwana biyu sai ta kasa tauna kisira. Kashegari ta kurɓi ruwa, ruwan ya fito ta hanci.

Ma'aikaciyar jinya ta juya wajen tsohuwar, ta ce, "Inna, wannan saukar fatar idon, cikin ciwon nan ta fara?"

Tsohuwa ta ce, "A'a, 'yata. Tun daminar bara nake ganin na hagun yana sauka idan yamma ta yi. Da safe kuwa garau. Na ce gajiya ce, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga goyo."

"Malam, ka taɓa jin muryarta ta sauya?"

"In ta daɗe tana magana sai ta koma ta hanci. Mun ɗauka mura ce."

Aka ce wa matar ta ja numfashi sosai, ta yi ƙirge a bayyane har inda numfashin ya ƙare. Ta tsaya a sha ɗaya. A wannan rana aka wuce da ita babban asibiti inda akwai na'urar taimakon numfashi. Gwaji ya nuna tana ɗauke da korona. Amma abin da ya kusa kashe ta wata cuta ce da ta fi shekara tana jikinta ba wanda ya san sunanta, korona da allurar nan suka tayar da ita.

Wace irin cuta ce wannan?

Likitoci suna kiranta mayasteniya girabis. A Larabci ana ce mata al-wahan al-adali al-wabil, kuma yana da kyau ku riƙe wannan suna, don shi ne za ku faɗa wa likita a Wad Madani ko Damazin ya gane nan take. Da Hausa ba ta da suna nata na kanta. A cikin wannan ɗan littafi za mu ce mata ciwon raunin tsoka.

Ga yadda abin yake. Idan mutum yana so ya ɗaga hannu ko ya buɗe ido, ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo ta jijiya zuwa ga tsoka. To, jijiyar ba ta manne da tsokar ba. Akwai wani ɗan gibi tsakaninsu wanda ido ba ya iya gani. Ku ɗauka jijiya tana wannan gaɓar kogi, tsoka tana wancan ƙetare. Jijiya takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, kamar kwale-kwale masu yawa, su ƙetare da saƙon. A gaɓar tsoka akwai wuraren tsayawa da aka tanada musu. Idan kwale-kwalen da suka samu wurin tsayawa sun kai yawan da ake bukata, sai tsoka ta motsa.

Kowa yana da garkuwar jiki, wato rundunar da ke cikin jini wadda take yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo garkuwar ce take yin kuskure. Sai ta ƙera makamai, ta afka wa waɗannan wuraren tsayawa na jikin mai ita, ta toshe wasu, ta rushe wasu. A cikin kowane mutum goma masu ciwon a duk jiki, kamar takwas ana samun irin waɗannan makamai a jininsu idan an gwada. Da safe, bayan hutun dare, jijiya tana da kwale-kwale da yawa, saboda haka ko da wuraren tsayawa sun ragu saƙo yana isa. Da aka yi ta aiki sai yawansu ya ragu, saƙo ya daina isa. Shi ya sa mai ciwon yake tashi da ƙarfinsa, yamma na yi ya zama wani mutum dabam. In ya huta rabin sa'a sai ya ɗan farfaɗo.

Yawanci da ido take farawa: fatar ido ta sauka, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Wasu a nan take tsayawa har iyakar rayuwarsu. A wasu kuwa takan sauko zuwa muƙamuƙi da maƙogwaro da wuya, sannan kafaɗu da cinyoyi. Mace ta kasa ɗaga hannu ta yi kitso ko ta ɗora tulu. Namiji ya kasa gama kunya ɗaya a hawasha, ko ya kasa tashi daga tsugune. Ba ta zuwa da zafi, ba ta sa jiki ya mutu a daina jin taɓi, hankali kuma yana nan daram.

Ba cuta ce mai yawa ba. A ƙasashen da ake ƙidaya, ana samun kamar mutum 15 zuwa 25 cikin dubu ɗari. Ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza waɗanda suka haura 60, ko da yake tana iya kama kowa, har yara. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, kuma ba gado ba ce irin wadda ake ba 'ya'ya kai tsaye.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa iyayen miji da mazaje musamman. Tun da mai ciwon takan yi aikinta da safe ta kasa da yamma, sau da yawa akan ce lalaci ne, ko ƙyuya, ko tana yi da gangan. Tsokar fuska ma takan yi rauni, sai ta yi murmushi a ga kamar yatsina take yi, a ce raini ne. Wasu kuma su ce iska ce, ko kambun baka, ko sammu. Mata da yawa sun sha zagi shekara da shekaru a kan abin da ba laifinsu ba ne, alhali akwai ƙwayar magani da za ta ɗaga musu ido cikin sa'a guda.

Wannan magani ma yana da ɗan tarihi da ya taɓa ƙasar kakanninmu. A 1934 wata likita mai suna Mary Walker, tana aiki a wani asibiti a Landan, ta lura cewa masu wannan ciwo suna kama da wanda aka harba da kibiya mai wani irin dafi na Kudancin Amurka. Sai ta gwada makarin dafin a kan wata majinyaciya, fatar idon matar ta ɗaga. Makarin kuwa daga wani wake ake samunsa da ke fitowa a yankin Kalaba, a kudancin Nijeriya. Maganin da ake sha yau, piridostigmin, wanda aka fi sani da Mestinon, ɗan'uwan wancan ne. Aikinsa shi ne ya hana a farfasa kwale-kwalen nan da wuri, su daɗe a bakin gaɓa har su samu wurin tsayawa.

Me ya haɗa ta da korona?

Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disamba 2019. A Sudan an sanar da mutum na farko a Khartum ranar 13 ga Maris 2020. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga halin gaggawa, amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo cikin mutane kamar sauran cututtukan mura. Ga yawancin masu ƙarfi a jika ta zama ciwon 'yan kwanaki. Ga mai raunin tsoka kuwa har yanzu abin tsoro ce.

Abin da aka fi tabbatarwa shi ne korona tana tayar da ciwon ga wanda yake da shi. Tun kafin korona likitoci sun san cewa babu abin da ya fi jefa mai raunin tsoka cikin hatsari kamar ciwon ƙirji da zazzaɓi. Zafin jiki yana ƙara raunana saƙon da ke tsakanin jijiya da tsoka. Garkuwar jiki kuma idan ta tashi yaƙar baƙuwar cuta, takan ƙara ƙaimi a kan tsohon kuskurenta. Ga shi kuma huhu ya cika da majina, yana bukatar tari mai ƙarfi, tsokar da za ta yi tarin ba ta da ƙarfi. A ƙarshen 2020 likitocin jijiya daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗa bayanan masu raunin tsoka 91 da suka kamu da korona. Su 36 ciwonsu ya tashi har sai da aka yi musu maganin ceto, 22 kuma suka rasu. Wannan adadi ya fi gaskiyar abin muni, domin waɗanda suka jigata ne suka fi zuwa hannun likitocin da suka ba da rahoto. A ƙasar Cek an bi masu ciwon 93 da suka kamu: 35 sun yi ciwon huhu mai tsanani, 10 suka rasu. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne tsofaffi, da waɗanda ciwonsu bai lafa ba tun kafin su kamu, da masu shan firednisolon mai yawa.

Sai tambaya ta biyu, wadda mutane suka fi yi mana: shin korona tana iya sa wa mai lafiya wannan ciwo? A watan Agusta 2020 wasu likitoci a Italiya suka ba da labarin mutum uku, dukansu sun haura shekara 60, ba wanda aka taɓa sanin yana da ciwon jijiya. Kwana biyar zuwa bakwai da fara zazzaɓin korona suka fara nuna alamun raunin tsoka, aka kuma samu makaman nan a jininsu. Daga baya an samu irin wannan labari nan da can a wasu ƙasashe. Wasu masana suna ganin wani ɓangare na jikin ƙwayar cutar yana kama da wuraren tsayawar nan na tsoka, sai garkuwa ta rikice ta afka wa duka biyun. Wasu kuma sun ce kwana biyar ya yi kaɗan a ce jiki ya ƙera sababbin makamai har sun yi wannan ɓarna, saboda haka ciwon yana nan a ɓoye, zazzaɓi ne ya tona shi. A ganinmu magana ta biyun ta fi dacewa da abin da ake gani a ɗakin duba marasa lafiya. In aka zauna da dangi aka yi tambaya a hankali, sau da yawa akwai wata tsohuwa a gidan da ta lura da ido yana sauka tun bara. Miliyoyin mutane sun yi korona sun warke ba su taɓa samun wannan ciwo ba, don haka wanda ya taɓa yin korona kada ya zauna cikin fargaba. Amma wanda ya tashi daga zazzaɓi ya ga fatar idonsa tana sauka, ko yana ganin abu bibbiyu, ko ruwa yana sarƙe shi, ya zo a duba shi cikin makon nan.

Maganin da aka saya don zazzaɓi

Hanya ta uku ita ce ta fi damunmu, domin ita ce take hannunmu. Akwai magunguna masu kyau, masu ceton rai ga sauran jama'a, waɗanda suke ƙara toshe saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Mai lafiya ba zai ma ji ba, don yana da wuraren tsayawa fiye da bukatarsa. Mai raunin tsoka kuwa ɗan abin da ya rage masa ke nan. Abin takaici, waɗannan magunguna su ne dai waɗanda aka fi miƙo wa mai zazzaɓi da tari a ƙasar nan.

Na farko kinin, ko allura ko ƙwaya, da danginsa kulorokwin da haidirosikulorokwin. A farkon annobar an yi ta rububin waɗannan biyun na ƙarshe a duniya duka, ana cewa suna maganin korona. Babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya ya nuna a watan Yuni 2020 cewa haidirosikulorokwin ba ya rage mutuwa. Na biyu azitromaisin, ƙwayoyin nan da ake sha na kwana uku ko biyar, waɗanda suka zama kamar dole ga duk mai tari tun zamanin korona. Shi ma wannan gwajin ya nuna a ƙarshen 2020 cewa ba ya taimakon masu korona da ke kwance a asibiti. Na uku sipro da 'yan'uwansa, waɗanda ake bayarwa da zarar an ce taifot ne ko ciwon fitsari. Na huɗu allurar jentamaisin. Sai allurar magniziyom da ake yi wa mai ciki ko mai haihuwa idan jininta ya hau tana jijjiga. Ga sauran mata ita ce ceto, amma mai raunin tsoka tana iya tsayar mata da numfashi. Haka kuma maganin barci da maganin tari mai sa gyangyaɗi, da wasu magungunan hawan jini da na bugun zuciya.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba cewa muke a bar zazzaɓin cizon sauro ba magani ba. A Jazira da Nil Azrak wannan kisan kai ne, kuma zazzaɓin da aka bari shi kansa yana tayar da ciwon. Abin da muke cewa shi ne a gwada jini tukuna, sannan a faɗa wa mai ba da magani cewa akwai wannan ciwo. Yana da wasu da zai zaɓa: Coartem ga zazzaɓin cizon sauro, ko allurar atesunet idan ya yi tsanani, da dangin fenisilin ga ciwon ƙirji idan ana bukata. Farasitamol ba shi da laifi wajen sauke zafin jiki. In kuwa likita ya ga babu makawa sai ɗaya daga cikin waɗancan, to a ba da shi a asibiti, ana kallon numfashin mara lafiya, ba a gida ba.

Mai saidaliyya da mai allura ba mugaye ba ne. Yawancinsu ba su taɓa ganin mai wannan ciwo ba, kuma ba za su gane shi da ido ba. Sai an gaya musu.

Numfashi yakan tafi a ɓoye

Numfashi ma aikin tsoka ne. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, da wasu ƙanana tsakanin haƙarƙari. Su ne suke jawo iska. Idan raunin ya kai gare su, an shiga abin da likitoci suke kira tashin ciwon mai hatsari. Kamar mutum ɗaya cikin biyar ko shida na masu ciwon yakan gamu da wannan sau ɗaya a rayuwarsa, galibi cikin shekaru biyu ko uku na farko.

Abin da ya sa yake yaudarar dangi shi ne mara lafiya ba ya haki mai ƙara irin na mai asma, don ba shi da ƙarfin yin hakin. Yana zaune shiru, yana numfashi sama-sama, fuskarsa ba ta nuna wahala tun da tsokar fuskar ta saki. Har 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, wadda mutane da yawa suka saya lokacin korona, tana iya nuna lamba mai kyau sai daf da ƙarshe. Kada ku dogara da ita kaɗai.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Mara lafiya ya zauna, ya cika ƙirjinsa da iska, ya yi ƙirge a bayyane ba gaggawa ba jan rai, har numfashin ya ƙare. Mai lafiya yakan wuce talatin. A gwada ranar da yake jin daɗi, a riƙe lambarsa. Idan zazzaɓi ya zo, a gwada safe da yamma. In lambar tana raguwa, ko ya kasa kai ishirin, a kama hanya. Haka nan idan yana kwance rigingine ya kasa ɗaga kansa daga matashi, ko ya ƙi kwanciya sam ya ce numfashi yana ɗauke masa, ko yawu yana zuba don ya kasa haɗiyewa, ko yana yanke magana bayan kalma uku ko huɗu, ko tarinsa ya zama marar sauti. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba a jiran gari ya waye.

A hanya a zaunar da shi, wani ya tallabe masa kai. Kada a kwantar da shi rigingine a bayan karo ko mota. Idan ruwa yana sarƙe shi, kada a ɗura masa komai, ko kunu, ko shayi, ko ruwan addu'a, domin huhu zai tafi. A yi masa addu'a ana tafiya. Kada kuma a ninka masa Mestinon don a ga ya samu ƙarfi. In ya yi yawa yana kawo murɗar ciki da gudawa da yawu da majina mai yawa, har ya ƙara raunin. Kafin a tashi, a buga waya a tambayi wane asibiti ne na'urar numfashinsa take aiki, ko Wad Madani, ko Sinnar, ko Sinja, ko Damazin, don kada a ɓata sa'o'i ana yawo. Da damina, lokacin da laka take riƙe mota kwana guda, mai wannan ciwo da ya fara zazzaɓi gara ya koma gidan dangi kusa da kwalta tun ranar farko.

A asibiti akwai abin yi. Na'ura tana yi wa mutum numfashi har tsoka ta farfaɗo. Inda akwai hali, ana ƙara masa wani ruwa da aka tace daga jinin mutane masu yawa, ko a wanke jininsa da na'ura a cire makaman. Yawancin waɗanda suka isa kan lokaci suna tashi.

Wasu abubuwa suna kama da wannan ciwo, kuma dukansu na gaggawa ne. Shanyewar ɓarin jiki takan zo farat ɗaya, ta kama gefe guda, ba ta sauƙi da hutu. Saran wasu macizai yana sauke fatar ido cikin 'yan sa'o'i. Gubar maganin feshin auduga da kayan lambu tana kawo rauni tare da gumi da yawu da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Wannan ta ƙarshe ta shafi mai raunin tsoka ta wata fuska: irin wannan maganin feshi da Mestinon wuri ɗaya suke taɓawa a jiki, saboda haka mai shan Mestinon kada ya yi feshi, kada kuma ya shiga gonar da aka fesa a ranar.

Zama da ciwon

Bayan Mestinon, yawancin masu ciwon ana ba su firednisolon, wani lokaci tare da azatiyofirin, don a kwantar da garkuwar da take kuskure. Wasu kuma akan yi musu aiki a cire wata 'yar kaluluwa da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, domin a nan ne kuskuren yakan samo asali, kuma kamar mutum ɗaya cikin goma yana da ƙari a cikinta.

Da korona ta zo, wasu sun ji an ce waɗannan magunguna suna rage garkuwa, sai suka daina sha don tsoro. Wannan kuskure ne babba. Wanda ya daɗe yana shan firednisolon ya yanke shi rana ɗaya, ciwon yana iya tashi, jininsa kuma yana iya faɗuwa har ya suma. Likita ne kaɗai zai rage shi, a hankali. Idan zazzaɓi ya zo a ci gaba da sha, a nemi likita.

Mun san cewa a shekarun nan maganar "a ci gaba da sha" ta fi sauƙin faɗa. Rikicin Yuli 2022 ya kori dubban mutanenmu daga garuruwan Nil Azrak zuwa Sinnar da Jazira da Kosti. Yaƙin da ya fara a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disamba na wannan shekara, asibitoci da ɗakunan magani suka rufe, waɗanda suka gudo can suka sake gudu. Mutane sun kwana hamsin-hamsin a ajin makaranta, inda tari ɗaya yake zagaye kowa. Saboda haka duk wanda ya samu hali ya ajiye maganin wata guda a gaba, a cikin leda, nesa da rana da danshi, tare da takardun da ba a bari a baya in za a tashi. In maganin ya kusa ƙarewa babu inda za a samu, a zo tun da sauran na mako biyu, don a tsara yadda za a rage shi ba tare da hatsari ba.

Allurar rigakafin korona ta fara isowa Sudan a watan Maris 2021. Masu raunin tsoka da yawa sun ji tsoronta, kuma tambayarsu tana kan hanya: abin da yake tayar da garkuwa, ba zai tayar da ciwon ba? An duba. A lardin Ontariyo na Kanada an bi masu ciwon sama da dubu huɗu. Waɗanda aka kwantar saboda tashin ciwon cikin wata guda bayan allurar ba su kai shida ba, alhali waɗanda suka kamu da korona cikinsu sun fi sauran jama'a kwanciya asibiti da mutuwa. Shawararmu ita ce a yi allurar idan an samu, a lokacin da ciwon yake kwance. Mutanen gidan ma su yi. Allurar da ya kamata a yi hattara da ita ita ce ta shawara, wadda ake nema wajen tafiya wasu ƙasashe. Mai wannan ciwo kada ya karɓe ta sai ya yi magana da likitansa.

Sauran kariyar kun san ta: wanke hannu da sabulu, gidan sauro, tafasa ruwan sha lokacin kwalara. Idan tari yana yawo a gari, mai ciwon ya zauna kusa da ƙofa ko taga a masallaci ko majami'a ko gidan biki, ya rufe hanci da baki. Mai mura kuma ya yi masa sannu daga bakin ƙofa, ba laifi ba ne. Zafin Afrilu da Mayu yana ƙara raunin, don haka aiki mai nauyi a yi shi da sassafe. A sha Mestinon kamar rabin sa'a kafin cin abinci, a ci a zaune, loma ƙanana, abinci mai laushi. Tun da maganin sa'o'i kaɗan yake yi a jiki, mai niyyar azumi ya zo a tattauna kafin watan ya kama. Mace mai ciwon tana iya aure ta haihu, amma ta haihu a asibiti. Jariri ɗaya ko biyu cikin goma yakan zo da rauni na ɗan lokaci, ya kasa tsotso ko kukansa ya yi ƙasa-ƙasa. Yana wucewa cikin makonni idan an kula da shi.

Matar nan da muka fara da labarinta ta yi kwana tara a kan na'ura, ta koma gida bayan wata guda. Yanzu tana girkinta da safe, ta kwanta da azahar, surukarta ce ma take korar masu sallama a lokacin. Kafin a sallame ta an rubuta mata wata 'yar takarda da Larabci da Hausa, mijinta ya kai aka lulluɓe ta da roba, ta ɗaure a bakin mayafinta. A jiki akwai sunan ciwon, da magungunan da take sha da yawan kowanne, da sunayen waɗanda ba a ba ta sai da izinin likita, da lambar ƙirgenta na ranar lafiya, wato talatin da biyu. Duk mai wannan ciwo da ba shi da irin wannan takarda, ya zo da kwalayen maganinsa duka ranar da zai dawo ganin likita, a rubuta masa tasa.